Sayen Motar Hannu a Birtaniya: A Daina Barin Takardu da Sunan Wani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya, da kuma iyayen da suke turo 'ya'yansu karatu ko aiki, a kan wani al'amari da ake raina shi alhali yana jefa mutanenmu cikin tara da bashi da zaman kotu, wato sakacin mayar da takardun mota zuwa sunan wanda ya saye ta.

Tun daga watan Fabrairun 2022, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, yawan 'yan Nijeriya a biranen ƙasar nan ya ƙaru ƙwarai, kuma Hausawa ma ba a bar su a baya ba. Mai irin wannan aiki, musamman wanda yake bi gida-gida yana duba tsofaffi, ba shi da makawa sai ya mallaki mota, domin yana iya fara aiki da asuba a wata unguwa ya gama da dare a wani ƙauye da motar haya ba ta zuwa. Saboda haka abu na farko mai tsada da baƙo yake saya shi ne motar hannu, kuma yawanci a wurin ɗan ƙasarsa yake samunta, ta zauren WhatsApp ko ta Facebook, daga wanda ya samu wadda ta fi ta ko yake shirin ƙaura zuwa Kanada ko komawa gida. Ciniki kuwa irin na gida ake yi: a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a tura kuɗi ta waya, a miƙa makulli. Idan aka zo maganar takardu sai ka ji an ce, “Ai ba matsala, mu da muke tare, sai mu yi daga baya.”

Na san inda wannan ɗabi'a ta samo asali. A Kano ko Kaduna mota takan bi ta hannun mutum uku ko huɗu, takardunta suna nan da sunan wanda ya fara yi mata rajista, abin da ke hannun mai ita na yanzu kawai 'yar takardar yarjejeniya ce da dillali ya rubuta. Idan jami'an hukumar kiyaye haɗurra ko 'yan KAROTA suka tsayar da direba, da shi suke magana ido da ido, a duba ko takardu ba su ƙare ba, a yi bayani, wani lokaci a yi roƙo, kowa ya kama gabansa. A nan kuwa da wuya ka ga wanda zai tsayar da kai. Kyamara ce take karanta lambar mota, kwamfuta ta nemo suna da adireshin da aka rubuta a kan lambar, wasiƙa ta tafi can. Babu wanda za a ba haƙuri, kuma kwamfutar ba ta san cewa an sayar da motar a bakin masallaci bayan sallar Juma'a ba.

Hukumar da take riƙe da rajistar motoci a nan ita ce DVLA, wadda ofishinta yake birnin Swansea a yankin Wales, kuma kowace mota tana da takarda guda mai suna V5C, wadda mutane suka fi kira logbuk. Takarda ce mai launin ja a fuskarta, tana ɗauke da lambar mota, da lambar shasi, da launi, da girman inji, da suna da adireshin wanda motar take hannunsa. Idan aka ɗaga ta aka haska da rana za a ga haruffan DVL a cikin jikin takardar, kamar yadda ake gani a takardar kuɗi, wanda kuwa babu wannan alama a tasa to jabu aka ba shi. A shafin farko an rubuta da manyan baƙi cewa takardar ba shaidar mallaka ba ce, tana nuna wanda alhakin rajista da harajin motar yake wuyansa ne kawai. Ma'ana, mai saye yana bukatar abu biyu a ranar ciniki: sunansa ya shiga rajista, sannan ya karɓi rasit mai kwanan wata da lokaci da farashi da sa hannun su biyu.

Sauya sunan kuwa ba shi da wata wahala, shi ya sa sakacin yake ba ni takaici. Mai sayarwa ne doka ta ɗora wa sanar da hukuma. Zai shiga shafin gwamnati na intanet, ya saka lamba mai alƙaluma 11 da ke jikin logbuk, ya rubuta suna da adireshin mai saye da imel ɗinsa, kuma kafin shayin da aka zuba musu ya huce saƙon tabbaci ya iso wayoyinsu. Ba a biyan ko sisi. Daga nan sai ya yage wani ɗan yanki mai launin kore daga jikin logbuk ɗin ya miƙa wa mai saye, wanda shi ne zai riƙe kafin sabuwar takarda mai sunansa ta iso, cikin mako guda ko makamancin haka idan ta intanet aka yi, ko har mako 4 idan ta gidan waya aka aika. Wanda ya sayi mota ba tare da logbuk ko koren yankin ba, sai ya cika fom mai suna V62 ya biya fam 25 ya zauna jira, kuma kafin nan zai sha wahala wajen biya wa motar haraji.

Harajin nan shi ne ramin da baƙi suka fi faɗawa. Mai sayarwa zai ce, kuma gaskiya yake faɗa a iya saninsa, “Na biya mata haraji har ƙarshen shekara.” To tun ranar 1 ga Oktoban 2014, da aka daina liƙa 'yar takardar haraji a gilashin gaba, haraji ya daina bin mota zuwa hannun sabon mai ita. Da zarar an sanar da sayarwa, za a mayar wa tsohon mai motar kuɗin cikakkun watannin da suka rage, motar kuma ta zama marar haraji a wannan lokaci. Dole mai saye ya biya nasa kafin ya tuƙa ta, da lamba mai alƙaluma 12 da ke jikin koren yankin, ta intanet ko ta waya ko a gidan waya, kuma yana iya zaɓar a riƙa cira daga asusunsa wata-wata. Inshora ma haka take, domin direba ake yi wa ita a kan mota takamaimai, ba ta wucewa tare da makulli. Wanda aka kama yana tuƙi babu inshora zai biya tarar fam 300 a kuma ɗora masa maki 6 na laifi a lasisinsa, 'yan sanda suna da ikon ƙwace motar a nan take, idan kuwa magana ta kai kotu tara ba ta da iyaka. Wasu suna barin suna yadda yake da gangan domin su ci gajiyar harajin da tsohon mai motar ya biya, ba su lura cewa tara tana iya cinye abin da suke tsimi ba.

Na ga ƙarshen irin wannan a wurin wani matashi da ya zo neman shawara da jakar leda cike da ambulan masu ruwan ƙasa. Ya sayi motar dizal a hannun wani ɗan garinsu da ya bar ƙasar, ba a sauya suna ba, yana ta shiga tsakiyar gari da ita zuwa wurin aiki, bai san cewa akwai kuɗin da irin motarsa take biya kullum idan ta ƙetare wani layi ba. Wasiƙun tara suna ta zuwa tsohon gidan hayar wancan, mai gidan yana tara su a kan tagar zaure, har ranar da masu karɓar bashi da izinin kotu suka gano motar a bakin titi suka garƙame tayarta da ƙarfe. Da muka baje takardun a kan tabarma muka jera su bisa kwanan wata, sai muka ga kowace tara ta bi matakai iri ɗaya: an fara da rangwamen rabi ga wanda ya biya cikin kwana 14, rangwamen ya wuce, an ƙara rabi a kan asalin kuɗin, sannan masu karɓar bashi suka ɗora nasu ladan. Jimillar ta haura kuɗin da ya sayi motar, ga shi ba shi da rasit ɗin da zai nuna ranar da ta zama tasa, wanda ya sayar masa kuma lambar wayarsa ta daina shiga.

Kuɗin shiga gari da na ambata ya kamata kowane mai neman tsohuwar mota ya san da shi kafin ya taya. A Landan, tun ranar 29 ga Agustan 2023, tsarin rage hayaƙi da ake kira ULEZ ya game dukkan unguwannin birnin, kuma motar da ba ta cika sharaɗi ba tana biyan fam 12.50 a kowace ranar da aka tuƙa ta. A nan Birmingham an fara namu ranar 1 ga Yunin 2021, fam 8 a rana ga ƙananan motoci, tarar rashin biya kuma fam 120. Galibin motocin fetur da aka yi wa rajista daga 2006 zuwa yau sun tsira, amma motar dizal sai wadda aka yi daga wajen ƙarshen 2015. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin manyan motocin dizal masu kyan gani a farashin da yake sa baƙo ya ɗauka ya yi tsuntuwa, alhali Bahaushe ya riga ya ce araha ba ta ado.

Kada mai sayarwa ya ɗauka cewa shi ya tsira don kuɗi sun shiga aljihunsa, domin a gaskiya shi ne ya fi zama cikin haɗari. Muddin sunansa yana kan rajista, duk laifin da motar ta yi ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. Idan kyamara ta kama ta tana gudun wuce ƙa'ida, 'yan sanda za su aiko masa da takarda cikin kwana 14 suna neman ya faɗi wanda yake tuƙi, kuma yana da kwana 28 ya amsa. Rashin amsawa laifi ne mai zaman kansa da yake jawo maki 6 da tarar da za ta iya kai fam 1,000, wato sau da yawa ya fi laifin gudun kansa nauyi. Idan sabon mai motar bai yi mata inshora ba, shi da sunansa yake rajista ne za a ci tara, domin doka ta ce duk motar da ba a sanar da cewa an ajiye ta an daina hawa ba dole ta kasance da inshora ko da tana tsaye. Idan kuwa, Allah Ya kiyaye, aka buge mutum da ita aka gudu, ko aka yi safarar abin da doka ta hana, shi za a fara nema. Mutumin da yake fatan neman takardar zama ɗan ƙasa wata rana, inda ake tambayar duk hukuncin kotu da aka taɓa yi masa, bai kamata ya bar sunansa yana yawo a kan motar da bai san inda take kwana ba.

Akwai kuma waɗanda ba sakaci ba ne, dabara suke ganin sun yi. Inshorar baƙo mai lasisin waje tana da tsada ƙwarai, wani lokaci ta fi kuɗin motar, sai a shirya cewa wani da ya daɗe a ƙasar ya bar mota da sunansa, ya yi inshora a matsayin shi ne babban direba, a saka mai motar na gaskiya a matsayin wanda yake ɗan taɓa ta jefi-jefi. Wasu kuma adireshin wani ɗan'uwa da ke ƙauye suke bayarwa, don an ce can ya fi sauƙi. Kamfanonin inshora sun san wannan dabara fiye da mu, zamba suke ɗaukarta, kuma ranar da aka yi haɗari, ranar da ake bukatar inshorar, ita ce ranar da za su soke ta su bar mutum biyu da bashi da baƙin suna. Haka nan masu tallan inshora mai rahusa a WhatsApp da Instagram, da yawansu takardar bogi suke sayarwa, ko su yi ta gaske da bayanan ƙarya su soke ta bayan sun karɓi kuɗi. Mai aikin bi gida-gida kuma ya tabbata ya gaya wa kamfani cewa da motar yake aiki, domin inshorar zuwa kasuwa da zuwa ofis guda ba ta rufe wanda yake zagaya gidaje da yawa a rana.

Lasisi ma yana da wa'adi. Mai lasisin Nijeriya ko Nijar ko Gana yana iya tuƙi da shi wata 12 kacal daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar, kuma lasisin ƙasa da ƙasa da ake karɓowa daga gida ba ya ƙara ko kwana guda. Ba ma cikin ƙasashen da ake musanya musu lasisi kai tsaye, irin su Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, don haka sai an nemi lasisin koyo an ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi, layin jarrabawar kuwa yana da tsawo.

Kafin a biya kuɗi, akwai binciken da ba ya cin komai. Duk motar da ta wuce shekara 3 a Ingila ana yi mata gwajin lafiya na shekara-shekara mai suna MOT, kuma da lambar mota kaɗai kowa yana iya ganin tarihin gwajin a shafin gwamnati kyauta, da abin da aka samu ya lalace, da yawan mil ɗin da ta yi a kowace shekara, ta yadda idan an mayar da agogon baya zai fito fili. A gwada lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke cikin logbuk, a kuma je ganin mota a adireshin da ke jikin takardar, ba a gidan mai ko filin ajiye motoci na kanti ba. Sannan a biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a bincika ko akwai bashi a kanta, domin motoci da yawa a nan da bashi ake sayensu, kuma motar da ba a gama biya ba ta kamfanin da ya ba da bashin ce. Doka takan kare wanda ya saya bai sani ba a wasu halaye, amma sai ya kawo hujja, hujjar farko kuwa ita ce rasit ɗin da kunya ta hana shi karɓa.

A ganina kunyar nan ita ce tushen matsalar, ba jahilci ba. Yaro ɗan shekara 25 da bai daɗe da sauka ba yana jin nauyin ya ce wa dattijon da ya tarbe shi a filin jirgi, ya ba shi masauki, “Baba, a zauna a cika takarda kafin in tura kuɗi,” domin gani yake kamar ya tuhume shi da rashin amana. Don haka nauyin yana kan babba: shi ya kamata ya fito da logbuk ya ce, “Zo mu gama wannan tukuna, ɗana,” tun da shi ya san ƙasar, kuma sunansa ne yake cikin haɗari. Addininmu ma bai ɗauki rubutu a matsayin zargi ba. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma a cikinta aka ce a kafa shaidu idan an yi ciniki. Da yawa daga cikin cinikin motocin nan ma bashi ne, ana biyan rabi a bar rabi zuwa ƙarshen wata, mai sayarwa ya riƙe logbuk a matsayin jingina. Wannan jinginar ba ta tsare masa komai, tun da takardar ba shaidar mallaka ba ce, illa dai ta bar masa tarar wani a wuya. Gara a sauya suna a ranar, a rubuta bashin daban a gaban shaidu biyu.

Haka abin yake ga mu da muke nan muke aika kuɗi gida a saya mana mota. Ƙane ko aboki ya je ya yi ciniki, ya karɓi takardun kwastan da na rajista, ko dai a bar su da sunan tsohon mai ita ko ya saka nasa don sauƙi, mai kuɗin yana nan ba shi da komai sai hoton mota a waya. Muddin kowa yana raye ana zaman lafiya ba a ganin illar, sai ranar da aka yi rasuwa aka zo rabon gado, ko aka kama motar aka ce ta sata ce. Wanda ya aika kuɗi ya nemi a rubuta yarjejeniyar sayarwa da sunansa, a bayyana cewa wane wakili ne kawai, a je ofishin rajistar motoci na jiha a yi canjin suna yadda doka ta tanada, a turo masa hoton kowace takarda.

Roƙona ga ƙungiyoyin Hausawa da na 'yan Arewa da ke Landan da Manchester da Birmingham da sauran birane, da limaman da suke yi mana huɗuba, shi ne su sanya wannan a cikin abin da ake gaya wa baƙo a makonsa na farko, tare da yadda ake rajistar likita da buɗe asusun banki. Masu kula da zaurukan WhatsApp inda ake tallan motoci su kafa sharaɗi cewa duk wanda ya saka talla zai nuna logbuk mai sunansa, kuma zai sauya suna a gaban mai saye. Wanda ya canza gida ya sanar da hukuma sabon adireshinsa a kan logbuk da lasisi duka biyu, domin kyauta ne, rashin yi kuma yana iya jawo tarar fam 1,000. Wanda kuma ya riga ya sayar da mota tuntuni bai sanar ba, kuma babu logbuk a hannunsa, ya rubuta wa DVLA wasiƙa yau, ya faɗi lambar motar da ƙirarta da ranar da ya sayar da suna da adireshin wanda ya saya, ya ajiye kwafi.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Birmingham, Ingila.